Direba, Ina Safaya?

Ranar gasar kacici-kacici, bas ɗin da aka ɗauko mana haya ya taka ƙusa, tayar baya ta sace. Ba safaya, jak ma sai da aka aro. Direba ya kwance tayar, ya hau acaɓa neman mai faci, ya bar mu cikin rana a bakin titi. Kafin mu isa har an raba kyaututtuka. Karatun sati uku ya tafi a banza.

Da muka yi ƙorafi sai ya ce Allah ne ke tsarewa. Gaskiya ne, amma ai bai manta da shan mai ba.

Abin haushi, tayar tubles ce. Irinta idan ba a zare ƙusar ba, a hankali iska ke fita, ana iya ƙara mata iska a lallaɓa har wajen mai faci. Shi kuwa yana tsayawa ya zare ta.

Tuƙi ba safaya laifi ne a wajen Hukumar Kiyaye Haɗurra. Muna roƙon malamanmu, kafin a biya kuɗin mota, a ce direba ya nuna safaya da jak. A kuma latsa safayar, don wata tana nan amma ba iska.