ZUCIYA DA IGIYARTA

 

Mu 'yan Achika mun san karar shanu ta Wudil. Ranar Juma'a za ka ga yaro ɗan shekara goma sha biyu yana jan bijimin da ya fi ƙarfin ƙarti biyar, saboda igiyar da ke hancinsa. Haka hankali yake da zuciya. A Larabci ma, kalmar da ke nufin hankali tushenta ɗaya da igiyar da ake dabaibaye raƙumi.

Ranar 15 ga Mayu, 2024, a Larabar Abasawa ta ƙaramar hukumar Gezawa, wani matashi ya watsa fetur ya cinna wa masallaci wuta mutane suna sallar asuba, kan rikicin gado. An yi asarar rayuka, kuma a 2025 kotun shari'ar Musulunci ta yanke masa hukuncin kisa. Mu lura, wannan fushin ya kwana, ya nemo fetur, ya jira lokaci. Hankalinsa yana aiki, sai dai zuciya ce take jansa.

Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya kamanta hankali da maharbi a kan doki, sha'awa ce dokin, fushi kuma karen farautarsa. Maharbi yana bukatar karensa, amma horarre. Shi ya sa Bahaushe yake zagin mai matacciyar zuciya, yake kuma tsoron mai saurin zuciya.

Muna da laifi ta fuska biyu. Muna zuga matasa da "ashe ba ka da zuciya?" Sannan idan wani ya kawo kuka, musamman mace ko maraya, sai mu rufe masa baki da "yi haƙuri", ba mu ƙwato masa haƙƙinsa ba. Haƙurin dole irin wannan ruɓewa yake yi a ciki.

Saboda haka mu raba gado da wuri a gaban malamai ko alƙali. Idan rai ya ɓaci, mu bi koyarwar Manzon Allah (SAW): mu yi shiru, mu zauna, mu yi alwala. Saƙon da muka rubuta a WhatsApp cikin fushi, mu bar shi ya kwana kafin mu tura.

Allah Ya ba mu ikon riƙe zukatanmu, amin.