ZANCEN GIDA: Dutsen da Ido Bai Gani Shi Ke Ɗauke da Gida

A wannan wata za mu ajiye alli da littafi mu leƙa wurin magina, domin akwai wani abu da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya a zangunanmu, watau yadda muke sayen dutse da tsakuwa idan Allah ya hore mana halin gini.

Duk wanda ya zaga Nima ko Mamobi ko Sabon Zango a Akra, ko Aboabo da Asawasi a Kumasi, zai ga ana rushe tsofaffin gidajen ƙasa ana ta da benaye. Fili ya yi ƙaranci, iyali sun yi yawa, saboda haka sama kawai ta rage. Kuɗin kuwa gumi ne na shekaru: wani na fataucin goro ko shanu, wata na adashi da tallar waake, wani kuma ɗansa ne ke aikowa daga Jamus ko Amurka. Mai gida zai tsaya kai da fata a kan irin simintin da za a saya, ya zaɓi fenti da tagogi da kansa, amma da an zo kan dutse sai ka ji ya ce wa direban tifa, "Kawo mai sauƙin kuɗi, ai dutse dutse ne." Alhali kuwa yashi da dutse su ne kusan kashi uku cikin huɗu na jikin kankare, kuma da zarar an zuba an rufe, babu mai sake ganinsu sai ranar da bango ya tsage.

Mu ma wannan kuskure ya taɓa cin mu. Shekarun baya mun kafa kwamiti don gina azuzuwa biyu a makarantar Islamiyya ta unguwarmu, da kuɗin taimako da aka tara a masallaci. Wani direba ya yi mana tayin tsakuwa da rangwame mai yawa, muka yi murna muka ce Allah ya kawo mana sauƙi. Da aka juye kayan, tsohon birkilan da muka ɗauka ya ɗebo cikin hannunsa, ya murza, ya nuna mana tafinsa ya yi ja wur. Ya ce, "Malam, wannan rabinta ƙasa ce, ba za ta kama siminti ba." Shugaban kwamiti ya ce, "Haba Baba, a yi haƙuri a yi da ita, kuɗin jama'a ne, ba mu da wasu." Baba ya yi shiru ya yi aikinsa. Damina biyu kacal aka yi daɓen ya farfashe, yara suna share aji suna share tsakuwa, dole muka koma masallaci muka sake roƙon jama'a. Nan muka san gaskiyar masu iya magana da suka ce araha ba ta ado. Da a ce rufin bene ne muka zuba da wannan tsakuwa, da Allah kaɗai ya san abin da za mu faɗa wa iyayen yara.

Ba mu manta da ranar 7 ga watan Nuwamba na 2012 ba, lokacin da wani babban kanti mai hawa da yawa ya rufta a Achimota, mutum 14 suka rasa rayukansu. Injiniyoyin da suka duba sun ce kankaren ginin bai kai ƙarfin da ya kamata ba. Ƙarfin kankare kuwa daga abubuwa huɗu yake fitowa, siminti da yashi da dutse da ruwa, kuma ɗaya daga cikinsu ya isa ya ɓata sauran.

To, abin da muka koya daga bakin magina da kuma littattafan koyar da sana'a shi ne kowane aiki da irin dutsensa. Manyan ayyukan ƙasar nan ma haka aka yi su. Lokacin da ake gina tashar jiragen ruwa ta Tema, wadda aka buɗe a 1962, sai da aka shimfiɗa layin dogo zuwa duwatsun Shai don a kwaso dutse mai tauri wanda zai jure dukan teku. Madatsar ruwa ta Akosombo da aka kammala a 1965 tarin duwatsu ce, amma a tsakiyarta yumɓu aka danƙara, domin yumɓu ke tare ruwa, dutse kuma ya ɗauki nauyi. Yumɓun da ya yi amfani a can, shi ne dai ya kashe mana daɓen makaranta da ya shiga inda ba wurinsa ba.

Bari mu fara da dutsen kankare. Wanda ya fi dacewa da ginshiƙi da linta da dekin shi ne baƙin dutse mai tauri da injin ya fasa, irin wanda ake samu a wuraren fasa dutse na Shai da kewayen Nsawam, ko na Buoho kusa da Kumasi. Dalili kuwa shi ne yana da kusurwa da kaushi, saboda haka ƙwayoyinsa suna cije juna, siminti kuma ya sami wurin kamawa. Girman da aka fi amfani da shi inda akwai rodi shi ne inci uku bisa huɗu, watau kamar milimita 20. Idan dutse ya fi haka girma sai ya maƙale tsakanin roduna, kwaɓin ya kasa wucewa, ranar da aka cire katako a tarar da ramuka kamar saƙar zuma. Ƙa'idar ita ce kada dutse ya wuce kashi uku cikin huɗu na tazarar da ke tsakanin rodi da rodi. A harsashin gini mai kauri wanda babu rodi a ciki, ana iya sa mai girman inci ɗaya da rabi, kamar milimita 40. Manyan ɓaraguzai kuwa na cikon ƙarƙashin daɓe ne, a jera su a daddanne kafin a zuba kankare a kai. Garin dutse da ke saura bayan an tankaɗe yana da kyau wajen buga bulo da shimfiɗar ƙarƙashin duwatsun daɓe, sai dai mai aiki da shi ya rufe hanci, domin ƙurarsa tana lalata huhu a hankali.

Dutsen da mata da yara ke fasawa da guduma a bakin hanya shi ma yana da ranarsa, kuma sayensa taimako ne ga marasa ƙarfi. Yana yi a ciko da daɓen ƙasa da gyaran kwata. Amma girmansa ba ya zuwa ɗaya, kuma yakan zo da fale-fale masu siriri waɗanda ke karyewa idan nauyi ya hau su, saboda haka kada a ɗora bene a kansa sai an tankaɗe an tsince. Marmara da burji, watau jar tsakuwar nan da ta cika arewacin ƙasar nan, babu kamarsu wajen cikon fili da gyaran hanya, domin idan an yayyafa ruwa an danne sukan kama su yi tauri. Amma sukan zo da ƙasa mai yawa, wasu ƙwayoyin kuma suna marmashewa, don haka a nisanta su da ginshiƙi da dekin.

Yashi ma haka. Mutanenmu na bakin teku su yi hattara da yashin gaɓa, ko da an ba su kyauta. Gishirin da ke cikinsa yana sa rodi tsatsa, tsatsa kuma tana kumbura ta fasa kankare daga ciki, shi ya sa za ka ga gini bai tsufa ba amma rufinsa yana zubo da ɓawo, roduna a waje. Daɗin daɗawa, kwasar yashin gaɓa na taimaka wa teku wajen cinye gidajen mutane.

Ta yaya mai gida da bai yi karatun injiniya ba zai gane kaya mai kyau? Kafin tifa ta juye, a hau a ɗebo daga ƙasa da tsakiya, domin wasu sukan shimfiɗa mai kyau a sama kawai. A murza da jiƙaƙƙen hannu, idan tafi ya yi jan laka, akwai ƙasa. A ɗauki ƙwaya biyar ko shida a buga da guduma: dutsen kirki yana ƙara ya tsage gida biyu ko uku, na banza kuwa ya zama gari. Na yashi kuma gwaji ne da muke yi da 'yan aji shida. A sami kwalba mai haske, a zuba yashi zuwa rabi, a ƙara ruwa da ɗan gishiri kaɗan, a girgiza sosai, a ajiye kamar awa uku. Yashi zai kwanta ƙasa, laka ta hau kansa ta yi layi. A auna da rula, idan lakar ta kai kashi ɗaya cikin goma na tsayin yashin, a mayar da shi ko a wanke. Ɗan makarantar da ke gidanka zai iya yi maka wannan.

Bayan an sami kaya mai kyau sai kuma awo. Kwaɓin da aka saba yi inda akwai rodi shi ne siminti ɗaya, yashi biyu, dutse huɗu. Buhun siminti mai kilo 50 yana cika kwanon birkila kamar biyu, ke nan buhu ɗaya zai ci kwano huɗu na yashi da takwas na dutse. Na harsashi marar rodi akan yi ɗaya da uku da shida. Kada a bari lebura ya tsinka kwaɓi da ruwa don ya ji sauƙin shebur, domin yawan ruwa na rage ƙarfi. Bayan an zuba a yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 ake ɗaukar ya kai ƙarfin da aka tsara masa. Mai niyyar bene kuwa ya nemi injiniya da takardar izini. Ƙasar nan ta fitar da kundin ƙa'idojin gini a 2018, akwai kuma cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi a Fumesua kusa da Kumasi, wadda wannan fanni shi ne aikinta.

Saura tsakar gida. Yanzu yayi ne kowa ya malale gidansa da siminti daga zaure har bayan gida, ruwan sama ya rasa inda zai nutse, duk ya kwarara kwata, kwata kuma ta cika da shara. Mutanen Akra ba za su manta da ambaliyar 3 ga watan Yuni na 2015 ba, da gobarar gidan mai ta dandalin Kwame Nkrumah, inda aka yi asarar rayuka kimanin 150. Tsakuwar gida ɗaya ba za ta hana ambaliya ba, amma kowane fili da aka bari ruwa ya shige ƙasa ya rage wa kwata kaya. A nan ne tsakuwar rafi mai santsi ta fi fasasshen dutse, domin ba ta yanka ƙafar yara da tsofaffi. A zuba ta wurin alwala da gindin bishiya da gefen katanga, a yi mata iyaka da bulo don kada ta watse. Inda mota ke tsayawa a sa fasasshen dutse, shi ne ke cijewa ba ya gudu ƙarƙashin taya. Ramin shanye ruwan wanka kuma a cika shi da manyan duwatsu wankakku, domin idan da ƙasa a jikinsu nan da nan zai toshe, ruwa ya kwanta, sauro ya sami gida.

Saboda haka muna kira ga masu gida da kwamitocin masallatai da makarantu, da kuma 'yan'uwa da aka damƙa wa amanar kuɗin wanda ke ƙetare, cewa ranar da tifa za ta zo a tsaya a duba da ido, a saurari tsohon magini idan ya yi magana. Su kuma direbobi da masu sayar da dutse su ji tsoron Allah, su faɗi irin kayan da suka ɗauko, domin ɗakin da aka zuba da shi mutane ne za su kwana a ƙarƙashinsa. Allah ya sa mu gama gininmu lafiya, mu shiga lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.