Zuwa ga masu auren lemu na Waca

'Yan'uwa, masu renon dashe a garkokin Waca da sauran fadamun Korama, daga Magarya har Dungas.

Mai sayen dashe ganye yake kallo. Gindin da aka ɗora wa ido kuwa ku kaɗai kuka san shi, shi ya sa nake roƙonku ku yi hattara da gindin lemu mai ɗaci, wanda malaman gona ke kira bigaradiye. Ba banza aka so shi ba, domin yana jure ruɓar gindi mai fitar da ƙaro. Amma in aka aura masa lemun zaƙi ko tanjarin, cutar tiristeza ta shiga, magamar auren ce ke toshewa. Abincin da ganye ya haɗa ba ya sauka, saiwa ta mutu, itace ya bushe, wani lokaci da 'ya'yansa a jiki. Haka ta yi a Ajantina da Barazil tun shekarun 1930, da Sifen daga 1957. Miliyoyin itatuwa suka tafi. Bairos ce, babu feshin da ke warkar da wanda ya kamu.

Darɓa na yawo da ita tsakanin itatuwa, amma ido da dashe ne ke kai ta nesa, a hannunmu. Iri ba ya ɗauke da ita, don haka gindin da kuka shuka lafiyarsa lau; a kan ido za ku tsananta. Kada ku yanko shi daga itacen da ba ku san asalinsa ba, kome kyan 'ya'yansa. Lemun zaƙi kan ɓoye cutar shekaru. Lemun tsami ne ke tona ta: ku ɗaga ganyensa ga rana, in jijiyoyin sun yi haske tsilli-tsilli, ko kuka ɓare ɓawon reshe kuka ga ƙananan ramuka, ku bar wannan garkar. Ku nemi ido ta hannun malaman gona ko cibiyar binciken noma ta INRAN.

A madadin gindin lemu mai ɗaci, a ƙasa mai rairayi Volkameriana ta fi. Tana jure tiristeza, tana saurin girma. Sai dai ku yi auren sama da taki guda daga ƙasa, ku kuma gargaɗi mai garka kada ruwa ya kwanta a gindi. Inda kanwa ta yi yawa, Kiliyofatara, ko da tana jinkirin haihuwa.

Wuƙa ma na ɗaukar wata cutar, egzokotis, mai tsattsaga ɓawon gindin Rangpur da sitaranj. Ku tsoma wuƙar a ruwan jabel kafin ku taɓa itace na gaba.