Shi ya ci, su biyu ake bi

A ajin nahawu aka koya mana mu riƙa lura da aikatau da harshe ke zaɓa wa kowane suna. To ku dubi bashi. Bahaushe cewa yake mutum ya ci bashi, sa'annan ana bin shi. Ci da baki ɗaya ake yi. Bi kuwa har ƙofar ɗaka yake kaiwa, kuma wadda ke bayan labule ita ke fara jin sallama. Wannan ita ce rigimata da mazanmu, har da mu samari da ke shirin zama su.

A watan Afirilu na 2014 aka ga zinariya a Jado. Kowa ya tuna. Daga Agadas, Tawa, Maraɗi, Damagaram, har Cadi da Sudan, mutane suka yi ta kwarara ta Dirku. Zuwa can ba kyauta ba ne: kuɗin mota, na'urar neman zinariya, guzuri, ga ruwa da ake saye da tsada a cikin hamada. Mai jari ya ba ka, in an samu a cire abin da aka kashe kafin a raba. In ba a samu ba fa? A 2017 gwamnati ta rufe wurin. Wasu suka zarce Cibarakaten, wajen iyakar Aljeriya. Wasu suka dawo gida da ƙura a ido da bashi a wuya.

Yayana yana cikin waɗanda suka dawo. Jikka ɗari takwas ake bin shi, wurin mutum huɗu, matarsa ba ta san ko dala ba. Kullum zancen ɗaya: "Akwai kuɗina hannun wani, sun kusa fitowa." Ranar da ta sani, ba daga bakinsa ta ji ba. Mai kantin unguwa ne ya hana ɗiyarta sukari a gaban yara, ya ce a gaya ma ubanta littafi ya cika. Da dare na ji ta, murya ƙasa-ƙasa: "Malam, ni ba kuɗin ne sunka ƙona min rai ba. Duk garin ga an sani, ni kaɗai ce baƙuwa cikin gidana."

Mu muna kiran irin wannan shirun rufin asiri. Ƙarya muke. Asirin da mai kanti ya sani, mai mota ya sani, abokan majalisar shayi suka sani, daga wa aka rufe shi? Daga mutum ɗaya tak, wadda za a sayar da akuyarta da 'yan kunnenta in abin ya ɓaci. Girman kai ne muka naɗa ma rawani.

Na san abin da za a ce mini. Ciyarwa a kan miji take, dukiyar mace tata ce, bashinsa bai hau kanta ba. Gaskiya ne, kuma ban ce a dora mata ba. Amma ku da ke kafa wannan hujja, ina kuke ranar da ake lallaɓa ta a ce "ara min, wata mai zuwa in mayar"? In ba ta da ruwa da lissafi, to kar a sa hannu a kwallarta. In kuwa za a sa, ta ga lissafi tun daga farko. Ba a ɗaukar rabin hukunci a bar rabi.

Wasu kuma su ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. To hanji in ya murɗe, a likita ake kwana.

Sai babbar wauta: cin sabon bashi don a koma daji a biya tsoho. Yayana ya so haka. Ya samo wanda zai ƙara mishi jikka ɗari biyu ya tafi Cibarakaten. Matarsa ta ce in ya hau motar nan, ya iske ta gidansu. Ni na goyi bayanta. Wanda ke haƙa da kuɗinsa neman arziki yake. Wanda ke haƙa da kuɗin mutum na biyar don ya biya huɗu, caca yake yi, ko da yana salla a sahun gaba.

Abin da suka yi ba shi da ban mamaki. Suka yage takarda daga kayen lakkwal, suka rubuta sunan kowa da abin da yake bi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take, amma mu sai mu ce "ai akwai amana". Ya taka da ƙafarsa wurin mutum huɗun, ya faɗi abin da zai iya duk wata. Suka fara da mai kanti, don shi ne ƙarami kuma shi ake gani kullum. Ya kama kabu-kabu da babur ɗin wani. Ita ta shiga asusun mata, irin na Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, da sharaɗin kwasarta ta farko jarin ƙosanta ce, ba a taɓawa. Shekara ukku suka yi. Sun yi faɗa, ta yi yaji sau ɗaya. Amma an biya.

A Amurka katin banki ke cin ma'aurata, duk wata takarda ta zo da adadi a rubuce. Mu namu katin yana cikin littafin mai kanti da bakin dillali, babu takardar da ke zuwa. Sai mai gida ya buɗe baki.

'Yan'uwana samari, da yawanmu da bashin lefe za mu shiga ɗakin amarya. Ku faɗi adadin tun kafin a ɗaura. Ku kuma 'yan mata, ku tambaya, ba rashin kunya ba ne. Wadda za a yi wa sallama a ƙofa tana da haƙƙin sanin nawa ne.