Mai Koyar da Motsa Jiki: A Ɗauka ko a Bari?

Da yawa daga cikin magidantanmu sukan dawo daga asibiti da magana guda: jini ya hau, ko suga ya yi yawa, likita ya ce a riƙa motsa jiki. Daga nan sai shawara ta taso a gida: a ɗauki ƙwararre, wanda matasa ke kira koci, a riƙa biyansa yana horar da mutum shi kaɗai, ko kuwa wannan almubazzaranci ne?

Mu fara duba abin da jiki yake nema. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, baligi yana bukatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, da kwana 2 na ƙarfafa tsoka. Minti 30 sau 5 ke nan, a taƙaice. Mazaunin Atrone da zai fito bayan asuba, tun rana ba ta buɗe ba, ya yi tafiya da sauri har numfashinsa ya ɗaga amma yana iya magana, ya sauke wannan nauyi bai biya ko dala ba. Uwar gidan da ke daka da ɗiban ruwa kuwa ta daɗe da wuce adadin. Wanda abin ya fi shafa shi ne ma'aikacin ofis da mai shago, masu wuni a zaune, waɗanda ko bakin titi za su sai sun tare kilando.

Sai batun aljihu. Mafi ƙarancin albashi a Cadi sefa 60,000 ne. Mu ƙaddara koci ya nemi 2,000 a kowace fita, sau 3 a mako: 24,000 ke nan a wata, wato biyu bisa biyar na wannan albashi. Gidan da kuɗin makarantar yara ke jira bai dace ya shiga wannan hidima ba. Kuma kada a manta, babu kocin da zai iya ƙone sukarin da muke zubawa a shayi safe da yamma. Rage ƙiba daga kwano yake farawa.

To amma akwai wanda kuɗin ba asara ba ne a wurinsa. Mai ciwon gwiwa ko baya, da dattijon da ya shekara ashirin bai yi gudu ba, da mai ƙiba sosai, suna iya ji wa kansu ciwo a makon farko su bari gaba ɗaya. Mai ciwon suga da ke allurar insulin yana iya faɗuwa idan ya wahalar da jiki da yunwa, balle a watan azumi ko a zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Irin waɗannan, bayan izinin likita, suna amfana da mai tsayawa a kansu ya gyara musu tsayuwa da sunkuyo. A ganina a ɗauke shi kamar malamin koyon tuƙi: wata ɗaya ko biyu, a koya, a sallame shi da godiya. Maƙwabta huɗu ko biyar kuma suna iya haɗa kuɗi su ɗauki mutum guda. Haɗuwar ma ita ce ke tayar da malalaci daga shimfiɗa.

Kafin a yi ciniki a tambaye shi inda ya yi karatu, domin a Njamena akwai cibiyar horar da malaman wasanni ta INJS, kuma faɗin ƙirji ba takardar shaida ba ce. Wanda bai tambayi ciwonka da maganin da kake sha ba, ko ya fara tallar gari da allurar ƙara tsoka, a rabu da shi tun ranar, domin irin allurar nan tana lahanta hanta da zuciya. Mata kuma su nemi mace 'yar uwarsu, a yi a tsakar gida ɗaya, a biya mako-mako, kada a ba da na wata uku a dunƙule.