Tafiya Daga Fagge Zuwa Sabon Gari Bayan Lisha

Ya ku malamai da attajirai, ga wata magana ku auna ta.

A zamanin nan an sami al'ada, mutum ya yi doguwar tafiya domin ya farkar da jama'a bisa wata masifa. Cikin 2022 wani Bayarabe, Kunle Adeyanju, ya hau babur tun daga Landan har Ikko saboda yaƙi da shan inna. Madalla da shi. Na ji waɗansu samari suna cewa da ma a yi irin wannan tafiya, a ratsa Nijeriya, saboda marasa makwanci. Ni kuwa na ce, tafiyar da ta wajaba a kanmu ba ta kai sa'a guda a ƙafa ba. Mutum ya tashi daga Kantin Kwari bayan lisha, cikin hunturu, ya bi ta Singa har Yankura. Zai ga almajirai da 'yan dako da masu gudun hijira kwance bakin kantuna bisa kwali, dukiyar miliyoyi tana kulle a bayansu.

Abin kunya kuwa, Fagge masaukin baƙi ce tun asali. Nan ayarin Buzaye ke sauke raƙuma a bayan ganuwa. Sabon Gari ma baƙi aka yanka wa ita, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911. Kakanninmu fatake da suka bi hanyar Gwanja ba su kwana a titin Salaga ko Kumasi ba, domin kowane zango akwai fatoma mai sauke baƙo, ya ba shi ɗaki da tuwo, ya tsaya masa ga ciniki. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu cikin 1955, da almajiranci ya fara a Bebeji. Wa ya san ɗan da ke kwance yau a ƙofar kantinka?

An gwada ɗaukar mutane a mota, mun ga ƙarshenta. Cikin 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa suka shirya mayar da almajirai jihohinsu. Aka kwashe yara daga Kano zuwa Katsina da Jigawa da Kaduna. Annoba ta lafa, titi ya sake cika. Mota tana kawar da yaro daga idonka, amma ba ta gina masa ɗaki.

Shari'a ba ta bar wannan babi a buɗe ba. Ɗan hanya yana cikin mutum takwas masu rabon zakka, kamar yadda ya zo a aya ta 60 cikin Suratut Tauba. Ahlus Suffa kuma, watau Sahabban da ba su da gida, har da Abu Huraira, a jikin masallacin Madina aka sauke su.

Saboda haka ina roƙon abu biyu. Na farko ga 'yan'uwana malamai, kuma da kaina na fara: kada mu karɓi yaro sai mun san inda zai kwana. Wanda zaurensa ke ɗaukar ashirin, in ya karɓi sittin, to, arba'in ɗin nan amana ce ya zubar a titi, za a kuwa tambaye shi. Na biyu ga attajiran Kwari da Sabon Gari: kowace ƙungiyar kasuwa ta tsayar da masauki guda na waƙafi, da rufi da ruwa da makewayi, a ɗora amintaccen dattijo bisa kansa, kamar fatoman da.

Wanda ke shakkar maganata, ya yi wannan 'yar tafiya dare ɗaya, sa'an nan ya koma ya dubi 'ya'yansa cikin bargo.

Allah Ya sa mu ga gaskiya mu bi ta, amin.