Gubar Da Ke Kwance Cikin Laka: Daga Gulbin Zamfara Zuwa Tafkin Kainji

Sanin kowa ne cewa a shekarar 2010 annobar gubar dalma ta ɓulla a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, inda yara fiye da 400 suka rasa rayukansu a ƙauyuka irin su Dareta, Yargalma da Bagega. Musabbabin abin shi ne niƙa duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma a cikin gidaje. An yi wa dubban yara magani, an kuma kankare gurɓatacciyar ƙasar ƙauyukan. To, amma dalma ba ta ruɓewa, ba ta kuma ƙonewa. Abin da iska da ruwan sama suka kwasa, wuri kawai ya sauya.

Gulbin Zamfara ya biyo ta Anka da Gummi, ya ratsa ƙasar Kebbe, ya wuce Jega, sannan ya faɗa Gulbin Sakkwato. Shi kuma wannan ya zuba a Kogin Kwara, wanda ke cika Tafkin Kainji, madatsar da aka kammala a 1968. Wato mai noman fadama a Kebbe, da mai sayen kifi da ganye a kasuwannin Dogon Daji da Tambuwal, duk abin ya shafe su.

Wani zai ce ai nisan tafiya da yawan ruwa kan tsarma kowace irin guba. Wannan magana ba ta cika ba. Ƙarafa masu nauyi, kamar dalma da zaibar da ake kama zinariya da ita, ba su cika zama a narke cikin ruwa ba. Manne wa ƙananan ƙwayoyin yumɓu da ruɓaɓɓen ganye suke yi. Da damina ambaliya takan ɗauki wannan laka ta shimfiɗa ta a fadamu, sauran kuma ya kwanta inda gudun ruwa ya ragu, musamman a bakin tafki. Saboda haka ruwa na iya zama garau alhali lakar ƙarƙashinsa na cike da guba.

Bugu da ƙari, a ƙasan tafki inda iskar shaƙa ta yi ƙaranci, wasu ƙwayoyin bakteriya kan mayar da zaiba wani sinadari da ke taruwa a naman kifi. Ƙaramin kifi ya ɗauka, giwan ruwa ya cinye shi, mutum ya ci giwan ruwa. Irin wannan guba ce, ta hanyar cin kifi, ta nakasa mutanen Minamata a ƙasar Japan, inda aka gano cutar a 1956. Dalma kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadinta da ba ya cutar da jikin yaro, domin takan dakushe ƙwaƙwalwa.

Don haka ya wajaba Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima su haɗa hannu su riƙa auna laka, ba ruwa kaɗai ba, kowace shekara bayan janyewar ambaliya, tun daga Anka har mashigar Kainji. A auna ƙasar fadama, da ganyen lambu, da naman kifi, sannan a sanar da sarakuna da manoma sakamakon cikin Hausa. Idan lakar ta fito lafiya, hankalin jama'a ya kwanta. Idan an sami guba, a san gonar da za a daina shuka ganye a cikinta, da kifin da mai juna biyu za ta ƙaurace masa. Rigakafi dai ya fi magani.